Kwamfuta Na Nema A Lefe

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ce dai Zulai'atu ta Yelwa, maman Amina. Wanda bai san ni ba ya sani yanzu: mijina Basiru ya rasu bara da azumi, ya bar min ɗiya ɗaya da shagon gem, wato wasan kwamfuta, a bakin tasha. Karatuna aji shida ne, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, daga kai nake zubo muku. Inda na rikita rana ku yi haƙuri, maganar dai haka aka yi ta.

Ranar wata Talata ina kan tabarma ina tsintar shinkafa, sai ga Gwaggo Sa'adatu, ƙanwar babanmu, da sallamarta mai tada kaji. Ta sha leshi ruwan goro, ɗaurin ɗankwalin ya kusa taɓa ƙofa, a hannunta takarda da biro.

"Yaya, fito ki ji," ta ce wa Inna. "Sa'idu ya aiko a rubuta abin da za a zuba a akwati."

Sa'idu shi ne mai nemana. Makanikin injin jirgin ruwa ne a Warra, saurayi, bai taɓa aure ba. Wannan kalmar ta "saurayi" Gwaggo ta fi maimaita ta fiye da sunana. A wurinta bazawara mai ɗiya da saurayi ya nema ba ta da bakin magana sai godiya.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi. Mutum ne marar surutu. Duk Juma'a zai zo da ƙunshin bandan kifi, ya zauna a zaure, Amina ta haye cinyarsa tana ƙoƙarin goge baƙin man da ya zauna a faratansa, wanda ba sabulun da ya iya fitarwa. Ina son shi, kuma ina tsoron abin da zai kore shi.

Gwaggo ta fara jerowa. "Atamfa shida, leshi uku, shadda biyu, mayafai, takalma da jaka..."

"Gwaggo, ni ba na son akwati."

"To mi kike so? Gwal?"

"Kwamfuta."

Inna da ke fitowa da ludayi a hannu ta tsaya cik.

"Kwam mi?" in ji Gwaggo.

"Kwamfuta ta gem, wadda aka riga aka haɗa, a jona kawai a kunna. Shago zan buɗe."

Gwaggo ta aje biro, ta dubi Inna. "Yaya, wagga ɗiya an kai ta wurin malam kuwa? Ranar ganin lefe mata su taru mu buɗe musu mi? Su ɗaura waya a ƙugu?"

"Zulai," Inna ta ce a hankali, "mutum ya zo da mutuncinsa, za ki aza mashi kayan wanda ya tafi."

Maganarta ta fi ta Gwaggo shiga ta. Amma ku ji dalilina. Kwamfutar shagon ta mutu wata ɗaya kafin Baban Amina ya kwanta ciwo. Kullum cewa yake da ya samu sauƙi zai sayo sabuwa. Tun ranar kwaɗo ke rataye a ƙofar. Duk sanda na wuce zan je kasuwa sai na kau da kai. Zannuwa ina da su cike da kwalla. Abin da ba ni da shi shi ne ganin ƙofar nan a buɗe.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Sa'idu saƙo, kafin zuciyata ta karaya.

"Malam Sa'idu barka da aiki. Maganar akwati, ni kwamfuta ta gem nake so a madadinsa, in buɗe shago. In ba dama ba komai."

Alamar nan biyu ta an karanta ta yi shuɗi nan take. Sai shiru. Na wanke shinkafa, na duba. Na aza tukunya, na duba. Na ce shi ke nan, Zulai, kin kori mai kifi.

Can wayar ta yi ƙara.

"To. Hos nawa ce?"

Na yi dariya har Amina ta leƙo. Su da hos suke auna ƙarfin injin jirgi, shi a ganinsa duk abin da ake kunnawa haka ake tambayarsa.

"Ba a auna ta da hos."

"Za mu gani. Asabar, Birnin Kebbi. A zo da Gwaggo."

Da Gwaggo ta ji da ita za a yi tafiyar, har da cin abinci a hanya, sai faɗan ya ragu da rabi. Amma ranar Juma'a da yamma ta ja ni bayan rumbu, ta riƙe min kunne kamar ƙaramar yarinya.

"Abu guda zan hwaɗa miki. Kul kika ambaci marigayi gabanshi. Ko sunanshi, ko 'yana cewa', ko 'yana so'. Namiji ya iya kishi da mai rai, ya je ya same shi su yi ta ta ƙare. Wanda ke cikin ƙasa ba ya da yadda zai yi da shi, sai ya tattara takalmanshi. Kin ji ni?"

"Na ji."

Na ji ɗin, amma akwai matsala. Ni ban san kwamfuta ba, iyakata share ta da tsumma. Duk abin da na sani yana cikin wani saƙon murya da Baban Amina ya turo min daga gadon asibiti, kwana shida kafin rasuwarsa, yana koya min yadda ake zaɓa don kada a cuce mu. Don haka kafin magariba na zauna na saurara sau biyar, ina bi da baki kamar mai hadda. Na ce gobe in zuba kamar daga kaina ne.

Da asuba muka ɗau hanya. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da hijabi ruwan toka. Sa'idu ya zo cikin farar shadda mai guga, hula a karkace, ƙamshin turare ya danne na fetur da ƙyar. Sai da ya sunkuya zai shiga mota na hango sukundireba mai jan hannu a aljihun gabansa.

"Malam Sa'idu, biki za mu ko gareji?"

"Ba na zuwa sayen inji babu ita," ya ce.

Gwaggo ta zauna tsakaninmu kamar katanga. Ta ci ƙosai a Koko, ta ci tsire a Jega, ta yi barci sauran hanyar da kanta a kafaɗata.

Shagon na wani matashi ne mai suna Zulkiflu, siriri mai gilashi da bakin ciniki. Yana ganinmu ya gane lissafin.

"Hajiya sannu da hanya. Oga bismillah. Amarya ce ko? Ai ga taku nan, kamar don ku aka kawo ta."

Ya danna wani maɓalli. 'Yan uwa, sai ku gani. Fara sol, gefenta gilashi, fankoki shida a ciki suna juyawa, fitilu na sauya launi daga ja zuwa kore zuwa ruwan hoda. Gwaggo ta dafa ƙirji.

"Ashe haka take? To ai wagga ta fi akwati. A aza ta saman sho-gilas ranar jere, a kashe fitilar ɗaki. Matan Warra sai sun yi wata suna labari. Yaro, naɗe mana."

"Hajiya ta san kaya," in ji Zulkiflu.

Akwai wasu biyu a gefe, baƙaƙe, ba gilashi ba ado. Ko kallonsu Gwaggo ba ta yi ba.

Sa'idu ya juyo gare ni. "Maman Amina, ke za ki yi aiki da ita. Me ake dubawa?"

Na buɗe baki. Wallahi haddar nan ta gudu. Fitilun nan na wulga min a ido, Gwaggo na zungura ta, Zulkiflu na zuba lambobi da Turanci kamar mai kiran lambar waya.

"Akwai... kati," na ce.

"Wane kati, amarya? Na garanti? Akwai, wata shida."

"A'a. Wani katin. Da goma sha... sha wani abu."

"Duk akwai," ya ce, ya jawo kwali ya fara buɗewa.

Na ga Sa'idu ya kai hannu aljihun wandonsa zai ciro waya ya tura kuɗi. Kuɗin ba zan faɗa muku ba, amma na san dare nawa da rana nawa ya yi cikin man inji kafin ya tara. Zuciyata ta ce ba ita ba ce, Baban Amina ya yi gargaɗi a kan irinta, amma na kasa tuno me ya ce. In na yi shiru, an sayi abin da ba zai riƙe shago ba. In na kunna saƙon, na saka muryar mijina a kunnen mai nemana, a gaban mutane.

Na ciro wayata.

Gwaggo ta gane. Ta taka min ƙafa da duk nauyinta.

"Malam Sa'idu," na ce, "ni ban san komai ba. Baban Amina ne ya sani. Ya bar min bayani da bakinsa. In ba za ka ji ba, ba zan ga laifinka ba."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana salati ƙasa-ƙasa.

Sa'idu ya dube ni, ya dubi wayar. Ya goge hannunsa a jikin farar shaddar nan, ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Muryar ta fito, a gajiye amma da dariyarsa a ciki.

"Zulai, ki buɗe kunne, kada ki je fitila ta ruɗe ki, na san ki da son ƙyalƙyali. Abu na farko katin hoto, shi ke ɗaukar gem. Ki juya bayan kwamfutar ki ga inda wayar allo ta shiga. In can sama ta shiga, babu kati, ta ofis ce aka yi wa kwalliya. In ƙasa ta shiga, a wani ƙarfe da ke kwance, to akwai. Na biyu ram, goma sha shida, kada ki yarda da takwas. Na uku ma'ajiyarta ta zama mai saurin nan, es-es-di. Na huɗu ki tambayi tukunyar wutarta, don mu da janareta muke aiki, mai arha ba ta jurewa..."

Daga nan ya fara tari.

A nan nake tsayawa. Kullum. Saƙon minti biyu ne da 'yan kai, amma tun ranar da ya turo shi ban taɓa wuce tarin nan ba. Ranar farko kuka ne ya hana ni, na ce sai ya dawo gida ya faɗa min da baki. Bayan ya rasu kuma sai na ga in dai ban ji ƙarshen ba, akwai sauran maganarsa da ban ji ba a duniya.

Na kai hannu zan karɓe. Sa'idu ya riga ya rage sautin ya kara a kunnensa, don tarin ya sa mutanen waje sun fara leƙowa. Ina kallo ya ji har ƙarshe. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ya miƙo min wayar.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Mutumin nan ya san inji." Sai ya juya. "Malam Zulkiflu, juya min bayan amaryar nan taka."

Aka juya farar. Wayar allo can sama. Sa'idu ya leƙa ta gilashin, ya nuna wani fili fayau a tsakiya.

"Nan fa? Ɗakin baƙi ne?"

Zulkiflu ya sosa ƙeya yana dariya. "Oga, gaskiya wannan ba ta da kati. Ƙananan gem za ta yi. Ni na ɗauka ta ɗakin amarya ake so."

"Ai ta ɗakin amarya ake so," in ji Gwaggo daga cikin mayafi.

Baƙaƙen biyu duka suna da kati, duka goma sha shida, duka da ma'ajiya mai sauri. Ɗaya sabuwa, ɗaya an ɗan yi aiki da ita a waje, ta fi sauƙi, katinta ma ya ɗan fi girma. Zulkiflu ya ce shi da zai zaɓa, ta biyun zai ɗauka.

"Kunna su duka," in ji Sa'idu. "Ka sa musu gem mafi nauyi. Awa ɗaya."

"Awa ɗaya, oga?"

"Mu in mun gyara inji, a duron ruwa muke tsoma shi ya yi ta gudu kafin a ɗaura wa jirgi. Inji ba ya nuna halinsa sai ya yi zafi. Gara ya mutu a duro da ya mutu a tsakiyar ruwa da mutane."

To wa zai buga na awa ɗaya? Zulkiflu ya ɗauki ɗaya. Ɗayar, don neman sulhu, ya miƙa wa Gwaggo abin bugawa, ya sa mata tseren mota.

"Ni? Allah ya kiyaye."

Bayan minti goma ɗankwalinta ya zame, tana karkata jiki duk inda motar ta karkata.

"Kauce mani, ɗan banza. Yaro, ina birki? Wanga direban jar mota ba ya da tarbiyya."

Ta daki bishiya, ta daki shanu, ta faɗa kogi sau uku. Da Zulkiflu ya ce ta kawo ya fitar da ita, ta buge masa hannu. Na yi dariya har hawaye, kuma ban san rabin hawayen na mene ne ba.

Da awa ta cika, Sa'idu ya zaro sukundirebarsa. Ya dafa bakinta a jikin kwamfuta ta biyun, ya manna kunnensa a kan hannun, ya lumshe ido. Ya matsar gaba, ya matsar baya. Ya koma kan sabuwar ya yi haka. Ya shafa bayan kowacce ya ji iskar da ke fita.

"Wannan fankar katinta ta fara cin kanta," ya nuna ta biyun. "Akwai ƙara siririya, kamar yashi a faranti. Da zafin Yauri da ƙurar tasha ba za ta kai damina ba."

Zulkiflu ya karɓi sukundirebar ya gwada. Ya daɗe. Ya ɗago yana kallon Sa'idu.

"Oga, ba ka neman aiki?"

Sa'idu ya sa aka buɗe sabuwar ya ga tukunyar wutar da idonsa, ya sa aka rubuta garanti da lambar waya, ya ƙara da sitabilaiza. Sannan ya ce, "Maman Amina, ta yi?"

"Ta yi."

"Baƙa ƙirin kamar tukunyar dawa," in ji Gwaggo. "Amma a tabbata an zuba mata wanga na mota."

A hanyar dawowa kwalin na kan cinyarsa, ya ƙi yarda a sa a but ɗin mota. Bai yi magana ba har Jega. Shirun nasa na yau da kullum ne ko wani ne daban, na kasa ganewa. Gwaggo ta raɗa min, "Kin gani ko? Na hwaɗa miki," sannan barci ya ɗauke ta.

Mun wuce Koko, rana ta yi sanyi, sai wayata ta motsa a cikin hijabi. Shi ne, yana zaune taku ɗaya da ni, Gwaggo na minshari a tsakani.

"Kin taɓa jin ƙarshen saƙon nan?"

Na rubuta masa:

"A'a."

"Na yi zato. Ki yafe ni, na riga ki ji, ban sani ba."

"Me ya ce?"

"Ba ni ya faɗa wa ba."

"Ka fasa ne?" Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na tura.

"Ban fasa ba. Gobe zan zo in haɗa miki kaya. Amma ba zan turo magabata ba sai kin ji da kunnenki. In kin ji kika ce in zo, zan zo. In kika ce a'a, kwamfutar taki ce, ba lefe ba ce."

Washegari ya zo da kayan aikinsa. Kwaɗon ya yi tsatsa, makullin ya ƙi juyawa, sai da ya ɗiga masa man inji. Muka share yanar gizo, muka fitar da benci aka kakkaɓe. Ya ja waya daga janareta ta bi ta sitabilaiza, ya ɗora kwamfutar kan katako don kada ta sha ƙurar ƙasa, ya yanka wani raga ya rufe tagar baya. Allon sunan shagon da Baban Amina ya kafa a saman ƙofa ya karkace, ya hau benci ya daidaita shi, ya ƙara ƙusa biyu. Bai tambaye ni ko za a sauya sunan ba. Da ya gama ya sha ruwa, ya shafa kan Amina, ya hau babur ɗinsa ya koma Warra.

Kafin la'asar labari ya zaga tasha. 'Yan acaba, masu ɗaukar buhunan albasa, ɗaliban da suka taso, benci ya cika ana jiran layi. Ana buga ƙwallo ana ihu, wani na cewa alƙalin cikin kwamfutar ma an saye shi. Inna ta aiko da kunu. Gwaggo ta aiko a tambaya ko akwai lokacin da ba maza.

Kwana uku ke nan. Sa'idu bai kira ba, saƙo ɗaya kawai yake turowa kowace safiya: "Ta yi zafi?" In ce masa a'a. Inna ta daina tambayata da baki, da ido take yi.

Yau da azahar aka tafi masallaci, shagon ya zama ba kowa. Amina na barci kan zanena a bayan kantar shagon. Na zauna a kujerar Baban Amina, na buɗe saƙon, na ja shi da yatsa har daidai wurin tarin. Saura daƙiƙa talatin da takwas. Na yi bismillah, na danna.

Ya yi tarin, ya gama. Na ji ya kurɓi ruwa, na ji ƙarar kofin da ya aje. Sai ya ɗan yi dariya.

"To Zulai, wannan na kwamfuta ne. Yanzu ki zauna da kyau, saura naki."